Dogaran Kaisar da Dogaran Sarkin Kabi



Babu wanda ya tashi a kwarin Rima bai san dogari ba. Ran hawan salla a Birnin Kebbi, ko lokacin bikin kamun kifi a Argungu, shi ake fara hangowa kafin a ga sarki: riga ja da kore, jan rawani, yana baza hannun riga don ya kare ubangidansa daga idon jama'a sa'ad da zai hau ko zai sauka. Yaran yanzu sun ɗauke shi ado ne kawai. Amma wannan mutum amsa ce ga wata tsohuwar tambaya wadda ta hana masu mulki barci tun zamanin da, watau, wane ne zan bari ya tsaya bayana da makami alhali ni ba na ganinsa? A yau ina so mu duba yadda sarakunan Rum na ƙarshen zamani suka amsa wannan tambaya, sa'an nan mu gwama da yadda aka amsa ta a nan ƙasar Kabi. Abin da zan yi ƙoƙarin nunawa shi ne, haɗarin mai tsaron sarki ya danganta ne ga abu guda: ko gadon sarautar nan a buɗe yake gare shi, ko a rufe.

Kaisar Agustus, wanda ya kafa mulkin sarauta a Rum a shekara ta 27 kafin Miladiyya, shi ya tsara rundunar da ake kira Firetoriya, ya riƙa biyansu albashi ninkin na sauran soja. A zamanin magajinsa, a shekara ta 23 ta Miladiyya, aka tattara su bariki guda a bakin birnin Rum. Daga ran nan suka san ƙarfinsu. A shekara ta 41 hafsoshinsu suka kashe Kaligula, suka jawo baffansa Kiladiyus daga inda ya ɓuya suka ɗora shi. Abin ya kai maƙura a 193, da suka kashe Kaisar Fartinakis, suka rufe ƙofar bariki, suka sa sarautar Rum a kasuwa kamar yadda ake tayin sa a kara. Wani attajiri, Didiyus Juliyanus, ya saye ta a kan zai ba kowane soja sastas 25,000, abin da ya ɗara albashin shekara ashirin na sojan bakin daga. Kwana 66 ya yi a kai aka kashe shi.

Ƙarshen Firetoriya ya zo ran 28 ga Oktoba, 312. Sun goyi bayan Maksentiyus, suka tare Kustantin a wata gada da ke kan kogin Taiba, aka ci su. Kustantin ya soke rundunar, ya rushe barikinta. To, amma sarki ba ya zama ba mai gadi. Abin da ya kafu a gurbinsu a zamaninsa shi ne ainihin batunmu.

Sababbin rundunonin mahaya ne, ana kiransu iskola. Kalmar nan tana nufin ɗakin da suke zaman jira a fada, don haka in an ce a fassara ta da Hausa, "'yan zauren fada" ya fi dacewa da su. Kowace ƙungiya mutum 500 ce. Wani littafin jerin muƙamai na daular, wanda aka rubuta wajen shekara ta 400, ya nuna akwai bakwai a Gabas, biyar a Yamma. Daga cikinsu ake zaɓen mutum arba'in masu fararen riguna, ana ce da su kandidati, su ne ba sa rabuwa da jikin sarki. Bari in ɗan ratsa in ce kalmar da Turawa ke kiran ɗan takarar zaɓe da ita a yau daga wannan tushe ta fito, domin mai neman muƙami a tsohuwar Rum farar riga yake sawa.

Dabaru biyu aka yi don kada a sake maimaita Firetoriya. Ta farko, aka cika rundunonin da baƙi: Farankawa da Alamanawa daga hayin kogin Rain, da Gotawa, daga baya kuma Armeniyawa. Hikimar a fili take. Baƙo ba shi da dangi a majalisa, ba shi da gona, ba shi da surukai a gidajen manya. In sarki ya faɗi, shi ma ya faɗi. Ta biyu kuwa, wadda nake so ma'aikatan gwamnati da ke nan su lura da ita, ita ce ba a ba rundunonin babban hafsa guda ba. Kowace ɗari biyar da shugabanta, dukansu kuma aka sa su ƙarƙashin wani babban ma'aikaci farar hula, Shugaban Ofisoshin Fada. Shi ke riƙe da masu rubuta wasiƙun sarki, da manzanni, da tafintoci, da hanyar aike, da tsarin wanda zai ga sarki da wanda ba zai gani ba. Watau mai alƙalami aka ɗora bisa masu takobi. A ganina wannan ita ce dabara mafi kyau da Rumawa suka yi a wannan fage, kuma ta yi aiki gwargwado, gama 'yan zauren fada ba su yi suna da cinikin sarauta ba kamar waɗanda suka gada.

A ƙarni na huɗu mayaƙa ne na gaske, domin sarakunan lokacin da kansu suke fita daga. Marubucin tarihi Amiyanus, wanda shi ma hafsa ne cikin masu tsaron fada, ya ba da labarin yadda Kaisar Juliyan ya mutu a yaƙin Farisa a 363. An kai wa rundunarsa farmaki, ya zabura ya fita ba sulke, masu fararen riguna suna ta yi masa kururuwa ya ja da baya, bai ji ba, sai mashi ya same shi. A 378 kuma, a Adiriyanobul, Gotawa suka karya rundunar Kaisar Balens. A wata riwaya da Amiyanus ya kawo, an kai shi wani gidan ƙauye da rauni, tare da 'yan masu fararen riguna, abokan gaba suka cinna wa gidan wuta ba su san wanda ke ciki ba. Mutum guda ne ya dira ta taga, daga bakinsa aka ji labarin.

Duk da haka ƙofar fada ba ta daina haifar sarakuna ba. Wanda ya gaji Juliyan, Jobiyan, babban hafsa ne cikin masu tsaron sarki. Wanda ya gaji Jobiyan a 364, Balantiniyan na Ɗaya, shugaban ɗaya daga cikin ƙungiyoyin iskola ne. Ba su kashe kowa ba. Sun dai kasance kusa sa'ad da gado ya zama wofi, kuma a Rum kusanci ya isa. Wannan ne cikas ɗin daular tun daga tushe. Ba ta da tabbatacciyar ƙa'idar gado. Duk wanda soja suka yi wa guɗa suka yafa masa alkyabbar shunayya, in ya iya riƙewa, to, ya zama Kaisar.

Bayan mutuwar Tiyodosiyus a 395 sarakunan Kustantiniyya suka daina fita yaƙi, suka zauna fada. Barden da ubangidansa ba ya fita, me zai zama? Sai aikin ya koma na ado da albashi mai tsoka, 'ya'yan masu hali suka fara sayen gurbi. Furokofiyus, wanda ya rubuta wani littafi a ɓoye yana tona asirin Kaisar Jastiniyan, ya ce tun Jastiniyan bai hau ba ya ƙara gurbi 2,000 ya sayar, da ya hau ya kore su bai mayar musu da ko anini ba. Ya ce kuma in ana shirin yaƙi sai ya aika wa sauran su ɗaura sirdi, ya san sarai ba za su iya ba, su kuwa sai su roƙi a riƙe albashinsu a bar su gida. Furokofiyus maƙiyin Jastiniyan ne, sai a rage wa zancensa gishiri. Amma abin da ya faru a 559 ya gaskata shi. Da wasu mahaya daga arewa suka doso Kustantiniyya, ba a sami abin dogara ba a cikin waɗannan masu ƙyalƙyali; sai da aka kirawo tsohon sarkin yaƙi Balisariyus daga ritaya, ya kore su da tsofaffin sojansa kamar 300 da taron manoma.

Tun kafin wannan, Kaisar Liyo na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 457 zuwa 474, ya ga 'yan zaure ba za su fisshe shi daga hannun babban hafsansa Asfar ba. Sai ya kafa wata 'yar runduna ta mutum 300, eskubito, ma'ana masu kwana a bakin ƙofa. A 471 aka kashe Asfar a cikin fada. Cikin waɗanda suka shiga wannan runduna akwai wani ɗan manomi, Jastin, wanda ya zo birni a ƙasa, da guzuri a kafaɗa. Ya yi ta hawa har ya zama shugabanta. Da Kaisar Anastasiyus ya rasu a 518 ba ɗa, marubutan tarihi sun ce wani babban baban fada ya ba Jastin kuɗi ya raba wa soja don su zaɓi wani ɗan takara, shi kuwa ya raba da sunan kansa. Aka wayi gari Sarkin Dogarai ya zama Kaisar. Bayansa ma an sami biyu, Tiberiyus na Biyu da Moris, waɗanda suka bi ta wannan muƙami suka hau gado.

To, mu dawo gida.

Daular Kabi kanta wani jarumi ne ya kafa ta bayan ya juya wa wanda yake yi wa yaƙi baya. Littafin Tarihus Sudan ya nuna Kanta Kotal, mai Leka, ya raka Askiya Muhammadu na Sanwai yaƙin Agadas, da aka dawo aka saɓa a kan rabon ganima, Kanta ya yi tawaye wajen 1516, aka kuwa kasa mayar da shi. Ya zauna Surame, wadda kufanta da ganuwarta ta dutse suna nan har yau. Amma abin lura shi ne, da Kanta ya kafu, sai ƙofar da ya shigo ta rufe. Sarautar Kabi ta zama ta zuriyarsa, daga Surame zuwa Birnin Kebbi, inda Tomo ya mai da gadon a farkon ƙarni na 18, har zuwa Argungu. Akwai gidan sarauta, akwai masu zaɓen sarki. 'Yan sarki suna iya yin rigima tsakaninsu, suna kuwa yi, amma barde ko dogari, komai ƙarfinsa, ba ya cikin lissafi.

A ƙasar Hausa masu tsaron sarki iri iri ne. Akwai dogarai, masu gadin ƙofa da kama mai laifi, ƙarƙashin Sarkin Dogarai. Akwai zagage masu tafiya gaban doki. Akwai 'yan lifidi da 'yan sulke, waɗanda ke kewaye sarki a fagen fama kamar katanga. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Kanajeji ne ya kawo lifidi da sulke da kwalkwali wajen 1400, Babba Zaki kuma, a tsakanin 1768 da 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga su tsare shi. Galibin waɗannan mutane bayi ne ko cucanawa, watau 'ya'yan bayi haifaffun gidan sarki. Kun ga dabarar Kustantin ke nan da wata riga. Shi ya nemo baƙo daga hayin kogi. Sarkin Hausa ya ɗauki mutumin da aka raba da danginsa, ya ba shi doki da riga da mata da gida, ya zama ba shi da kowa sai sarki.

Kada mu yi wa abin kwalliya. Amanar dogari a kan bauta aka gina ta, kuma talakan da aka turo wa dogari ba ado yake gani ba. Manyan bayin sarki a Kano, irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, sun tara dukiya da iko har 'ya'yan sarki suna neman fada wurinsu, suna kuma iya karkata ga wani ɗan sarki su bar wani. Sai dai iyakarsu ke nan. Suna iya taimakon wani ya hau. Ba sa iya naɗa wa kansu rawanin. Jastin, da a Kano ko Argungu aka haife shi, da Sarkin Dogarai zai mutu.

Ku dubi yadda sarakunan wannan kwari suka ƙare a ƙarni na 19. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita, ya ci gaba da yaƙi har aka kashe shi a 1826. Ƙanensa Karari ya tsaya a Argungu, aka kashe shi a 1831. Labarin da ake bayarwa shi ne, da ya ga ba mafita, sai ya sauka daga doki ya zauna bisa garkuwarsa ya jira masu binsa. Yakubu Nabame ya mutu a fagen daga a 1854, Yusufu Mainasara ya faɗa hannun Gwandu a 1859, a 1860 kuma Kabawa suka rama, suka kashe Sarkin Gwandu Haliru. Shi kansa Kanta kibiyar abokan gaba ce ta yi ajalinsa a ƙasar Katsina, yana komowa daga yaƙin Barno. Mutuwa ce mai yawa, amma duk waɗannan da na lissafa daga gaba ta zo musu. Babu ko ɗaya da mai tsaron bayansa ya soka. Ku gwama da Balantiniyan na Uku, wanda ya kashe babban hafsansa Ayitiyus da hannunsa a 454, sa'an nan ya bar yaran mamacin cikin masu rakiyarsa. A watan Maris na 455, yana filin atisaye a Rum, biyu daga cikinsu suka sare shi, sojan da ke tsaye a wurin ba wanda ya ɗaga hannu.

Labarin Yakubu Nabame ya cancanci mu ɗan tsaya a kansa, domin yana nuna inda dabarar jawo baƙo jiki take da iyaka. Bayan mutuwar ubansa Karari, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello bai kashe shi ba, ya ajiye shi a hannunsa. Ya yi fiye da shekara goma sha biyar a can, yana fita yaƙi tare da rundunar Sakkwato. An ce a wani karo da Gobirawa, a zamanin Aliyu Babba, shi ya ceci ran ɗan Sarkin Musulmi, aka saka masa da izinin komawa gida. Aikin barde ya yi, aikin amana. Amma Yakubu ba bawa ba ne. Jinin Kanta ne, yana da gadon da zai nema da jama'ar da ke jiransa. A 1849 ya ɗaga tuta, Arawa da Zabarmawa da Dandawa suka bi shi, Argungu kuwa ba ta sake komawa hannun Sakkwato ko Gwandu ba har zuwan Turawa. Rumawa sun ga irin wannan. Tiyodorik, ɗan sarkin Gotawa, ya yi kamar shekara goma a fadar Kustantiniyya a matsayin jingina, ya koyi duk abin da za a koya. A 493 ya zama mai mulkin Italiya. Da ya tarar da ragowar 'yan zauren fada na Yamma, bai ga abin tsoro a jikinsu ba, sai ya bar musu suna da ɗan abin cefane, su da 'ya'yansu.

Dogaranmu ma sun bi hanya mai kama da wannan, ko da yake ba laifinsu ba ne. Da Ingilishi suka kafa mulki bayan 1903 sai suka bar dogarai a matsayin 'yan sandan En'e. A shekarun 1920, daga Kano, aka fara ware 'yan doka masu kaki da horo irin na zamani. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta Janar Yakubu Gowon ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun sarakuna. Gabar Argungu da Sakkwato ma ta riga ta mutu tun 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara aka yi masa bikin kamun kifi. Sulke da masu da garkuwoyi suka koma Gidan Tarihi na Kanta, wanda aka buɗe a tsohuwar fadar Argungu a 1958. Ina roƙon ɗaliban da ba su taɓa shiga ba su je su gani.

Tambayar da muka fara da ita kuwa ba ta shiga gidan tarihi ba. Ta tashi ne daga fadar sarki ta koma fadar shugaban ƙasa. Kuma a nan ne nake ganin mun fi kama da Rum, domin kujerar shugaban ƙasa ba ta da gidan sarauta. Tsarin mulki ne kaɗai ke rufe ƙofarta, in kuwa ba a girmama shi, to, a buɗe take ga duk wanda ya fi kusa. Ran 29 ga Yuli, 1975, Gowon yana taro a Kamfala, wanda ya yi shelar hamɓarar da shi a rediyo shi ne Kanar Joseph Garba, kwamandan rundunar da ke tsaronsa. A Nijar, wadda iyakarta ba ta da nisa da inda muke zaune, dakarun fadar shugaban ƙasa ne suka harbe Ibrahim Ba'are Mainasara a filin jirgin sama na Yamai ran 9 ga Afrilu, 1999, kwamandansu Manjo Dauda Malam Wanke ya hau. Ran 26 ga Yuli, 2023, aka sake: Janar Abdurrahman Ciyani, wanda ya shugabanci wannan runduna tun 2011, ya tsare Muhammadu Bazum a gidansa, bayan kwana biyu ya bayyana a talabijin a matsayin shugaba. A duk ukun runduna guda ce, a wuri guda, ƙarƙashin hafsa guda, watau ainihin tsarin da Kustantin ya rushe a 312.

Wani zai ce to ai dogarin gargajiya ya zama abin kallo, kamar 'yan zauren Jastiniyan. Ban yarda da wannan ba gaba ɗaya. Ran 19 ga Janairu, 2013, 'yan bindiga suka buɗe wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero wuta a cikin birni. Dogaran da ke tare da shi ba su da bindiga. Da jikinsu suka rufe shi. Direbansa da wasu daga cikinsu suka mutu nan take, Sarki ya fita da ransa, ya ƙara fiye da shekara guda a kan gado kafin ya rasu a watan Yuni na 2014.